Soron Kaka Ladidi a Hoto

Duk Dakoro babu wanda bai san Amiru mai hoto ba, ko don kamararsa. Wata ƙatuwa ce, baƙa wuluk, nauyinta kamar tubalin siminti. In ya saɓo ta da ƙafafunta uku sai yaran tasha su bi shi suna tambaya ko rijiya zai haƙa. Maigidansa na Maradi, Abdulganiyu, shi ya bar masa ita ranar da ya rufe shago ya koma garinsu, don wayar portabul ta cika duniya, kowa ya zama mai hoton kansa.

Tare da kamarar ya ba shi wani idon gilashi na musamman da ake ɗaura mata, mai ƴan kunnuwa biyu da ake murɗawa. Ka murɗa ɗaya, idon ya zame sama, kamara tana tsaye inda take. Ka murɗa ɗayan, ya sunkuyar da kai kamar saurayi gaban surukai. Amfaninsa kuwa, ai ka sani in ka ɗaga portabul ka ɗauki dogon gini, bangayen sai su haɗa kai a sama, ginin kamar zai kwanta da baya. To da wannan ido babu haka. Bango yana fitowa sambal, kamar an ja shi da zare. Ɗaya kunnen kuma na shaƙiyanci ne. Ran kasuwa Amiru ya taɓa hawa kan kamyon, babbar motar kaya, ya ɗauki kasuwar dabbobi da idon, shanu suka fito ƴan mitsi-mitsi kamar na laka da yara ke ginawa. Wani makiyayi ya leƙa, ya ga bijiminsa, ya ce a mayar masa da shi yadda Allah ya yi shi ko a yi rigima.

Ciniki dai babu. Sai baki. Amiru yakan zauna ƙofar shagonsa yana yi wa masu shayi bayanin gini miƙaƙƙe, su kuwa suna hura kofi suna cewa, «To, injiniya.»

Tun rasuwar ubansa, su biyu ne a gida, shi da kakarsa Ladidi. Tsohuwa ce ƴar firit, amma harshenta ko reza. Tana kwana a soron da mijinta Sharifu ya gina mata tun suna da ƙuruciya: soron ƙasa mai rufin ɗaurin guga a ciki, zanko biyu a kai, ga zane a goshin ƙofa. Unguwar duk an koma siminti da kwano, saura shi. A ciki ta haihu, a ciki aka yi wa Sharifu wanka. An yi an yi ta koma ɗakin kwano, ta ce ita ba gyaɗa ba ce da za a soya ta.

To soron nan ya fara jingina. Bangon gabas, wanda ruwa ke duka, ya saki, ya ja ƙusurwar gaba, wata tsaga ta sauko ta gefen ƙofa har yatsa na shiga. Ga damina ta matso, kullum da yamma gabas sai ta yi duhu ta fasa.

Mutum ɗaya ya rage a yankin da ya san gyaran ɗaurin guga, wato Baba Cindo magini na Kornaka. Ya tsufa, gwiwa ta ƙi, masu kira kuma sun yi yawa. Sai ɗansa Mahamman ya ɓullo da dabara: kowa ya turo hoton gininsa ta waya, tsoho ya duba, wanda ya fi shiga haɗari a fara da shi.

Amiru na jin haka ya daka tsalle.

«Amarya, ranarmu ta zo! Yau Kornaka za su ga hoto.»

«Wane hoto, maigida? Wanga tubalin naka da ko tantabara ba ta tsaya mishi?»

«Ke dai ki shirya.»

Ta kuwa shirya. Ai a garin nan ba a ɗaukar mutum hoto haka nan kamar an kama ɓarawo. Ta sa aka share tsakar gida, aka yayyafa ruwa. Ta buɗe akwati ta ciro baƙin zanenta mai ƙamshin turare, ta sa kwalli. Sannan ta tsaya ta ƙare wa tsagar kallo, ta ɗauko sabuwar tabarma.

«Rataya mini nan.»

«Kaka, ai tsagar aka ce a gani.»

«A gani a Kornaka? Dangin Sharifu na can. Su ce na bar ɗakin ɗan'uwansu ya yage kamar wandon mahaukaci? Cindo magini ne, in ya ga soro ya san shekarunshi. Rataya, ko in nemi wani miji.»

Ya yi dariya ya rataya. Kuma, gaskiya, tabarmar ta yi kyau a wurin.

Ya kafa ƙafafu uku bayan la'asar, lokacin da rana ke zuba wa ƙasa ja. Tsakar gidan ba daidai take ba, ɗan nibon da ke jikin kamarar kuma, mai kumfa a ciki da ke nuna daidaito, ya daɗe da fashewa. Sai Amiru ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya sa ido a gilashi, ya ga ƙusurwar soro ta kauce wa layi, abin ya sosa masa rai kamar tsakuwa a takalmi. Ya rage ƙafa ɗaya, ya ƙara ɗaya, har ƙusurwar ta hau layi cif. Ya murɗa kunne, ido ya zame sama, zankaye suka shigo.

Kai! Ka ga hoto? Soro ya tsaya ƙyam kamar soja, Kaka Ladidi zaune a gaba kamar matar gwamna. Ƙasa ce ta ɗan karkata a hoton, amma wa ke duban ƙasa? Amiru ya sauke shi a waya ya tura, ya bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu a fuska.

Amsa ta zo da muryar tsoho, ana jin awaki a bayansa.

«Amiru, ka gaida mini Ladidi. Ma sha Allahu, wanga soro ya hi ni lahiya! Aikin Sharifu ke nan. Hotunan da anka turo mini daga arewa, wallahi duk kamar za su kwanta. Can za mu hwara. Ku sai bayan girbi, in Allah ya kai mu.»

Amiru ya sake saurara. Ya sake. Gidajen arewa da portabul aka ɗauke su, an ɗaga hannu sama, dole su yi kamar za su kwanta, ko da lafiyarsu lau. Nasa da ke kwantawa da gaske shi ya miƙar.

Ya fizge tabarmar, ya ɗauki tsagar da ƴar wayarsa, ya tura. Shiru. Ya kira Mahamman, waya ta ce ba a samunsa. Ya hau moto, ɗan babur ɗinsa, har Kornaka, matar gidan ta ce sun tafi ƙauyukan arewa, can inda babu rezo, waya ba ta shiga, ba ta san wanne za su fara ba. Ya bar saƙo. Ya bi wata hanya da aka kwatanta masa, rairayi ya riƙe moton, ya dawo yana turawa.

Magina na siminti ya je wa. Wani ya zo, ya zagaya soron hannu a aljihu, ya ce shi in rushewa ake so gobe ma zai kawo yara.

«Ka ji ɗan banza,» in ji Kaka. «Uwarka za ka rushe.»

Amiru ya samo itatuwa ya tokare bangon gabas. Ya kwaɓa laka ya cusa a tsaga, kafin ta bushe ta sake buɗewa. Ya shimfiɗa leda a kan rufi, iska ta ɗauke ta ta kai gidan maƙwabta. Ya roƙi tsohuwa ta koma ɗakinsa ko na ɗan lokaci.

«Cindo ya ce lahiya lau yake.»

«Kaka, hoton ya gani. Hoton kuwa...»

«Hoton ba soron ba ne? Kai ka ɗauka ko aljani?»

«Ni ne. Amma na gyara shi.»

«To madalla. Tunda ka gyara, mi kake ta tsalle?»

Ya buɗe baki ya yi mata bayanin ƙafa uku da layi, ya ga ba ta ko kallonsa. Soron take kallo. Ta sani. Ta fi shi sani, ita da ke jin ƙasa na zubo mata a kan bargo. Kunya ce ba za ta bari ta ce tabarmar kuskure ce ba, shi ma nasa laifin ya fi ƙarfin bakinsa. Sai suka ci gaba da wasansu, amma ba ya yin daɗi.

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Labari ya zo cewa Baba Cindo ya ajiye aiki ya koma gona, kamar kowa. Mahamman ya ga hoto na biyu a ƙarshe, ya kira. Ya yi salati, ya ce ai yanzu ƙasa ta jiƙa, ba a taɓa ɗaurin guga cikin damina, sai dai a yi addu'a.

Ruwan da ya yi aikin da rana tsaka ya zo. Amiru na shago ya ga gabas ta yi baƙi har ƙasa, ya bar ƙofa buɗe ya zura da gudu. Kafin ya kai, titi ya zama kogi. Itatuwan da ya tokara ɗaya ya faɗi, indararo ya toshe, ruwa na bin bango yana wanke shi kamar sabulu.

Ya same ta zaune a bakin gado, ta ɗaure ƴan kayanta a ɗankwali, ta ɗora a cinya. Ƙasa na zubowa daga sama siri-siri.

«Tashi, Kaka!»

«Bari ya tsagaita.»

«Ba ya tsagaitawa! Hau bayana.»

«Ni matar Sharifu, a goye, unguwa na kallo?»

Bai tsaya ba. Ya sure ta, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Tana dukan kafaɗarsa tana cewa takalminta, takalminta. Ya dire ta a ɗakin kwano, ya juya zai koma ɗauko akwati, ta riƙe masa riga da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

Soron bai yi ƙara sosai ba. Bangon gabas ya durƙusa a hankali, kamar raƙumi, rufin ya bi shi. Zanko ɗaya ya tsaya ɗan lokaci shi kaɗai cikin ruwa, sannan ya tafi. Jan ruwa ya malalo tsakar gida har bakin ƙofarsu. Kaka Ladidi ba ta yi kuka ba. Ta dai saki rigarsa.

Maƙwabta suka zo da shebur bayan an ɗauke ruwa. Aka tono akwati ya farfashe, gadon ƙarfe ya lanƙwashe. Kowa na cewa an gode Allah ba rai. Masu shayi ma sun zo, ko ɗaya bai ce injiniya ba, abin ya fi zagi ciwo.

Baba Cindo ya iso bayan ƴan kwanaki a bayan moton Mahamman. Ya dafa sanda ya zagaya tulin ƙasar, ya ɗaga guntun azara, ta marmashe a hannunsa.

«Baba, ana iya tada shi?» in ji Amiru. «Ni zan yi kwaɓi, ni zan yi ɗauka.»

«Da wace azara, ɗana? Giginyar ta ƙare. Ko an samu, ni ba ni hawa sama yanzu, Mahamman kuwa siminti ya koya.» Ya juya wajen tsohuwa. «Ladidi, ki yi haƙuri. Da na ga alama, da ke zan hwara.»

«Na sani, Cindo,» ta ce. «Ka sha ruwa.»

Ba ta iya barci a ɗakin kwano. Abinci sai ta taɓa ta ture. Da ƴarta Suwaiba, gwaggon Amiru, ta zo daga Sabon Maci ta ce za ta tafi da ita, kowa ya zaci za a yi yaƙi. Tsohuwa ta ce to.

Amiru ya kai su tasha. Ya sa ta a gaba kusa da direba, ya gyara mata ƙullin kayanta a ƙafa. Ya nemi wata magana mai ban dariya, duk kansa ya zagaya bai samu ba. Mota ta tashi, ta miƙo hannu ta taga ta kama nasa.

«Ka ji. Ƙasar soron nan, kar ka bari a kwashe ta a yi bulo. Kuma ka kore awaki, kar su hau. Nan ta dama, wurin gadon kakanka ne.»

«To, Kaka.»

Ya tsaya har motar ta sha kwana. Ya tako gida a ƙasa, bai bi ta shago ba. Yana tura ƙyaure ya tarar da awakin maƙwabta sun riga shi, uku a kan tulin, wani bunsuru a can ƙololuwa yana tuƙa. Amiru ya sunkuya ya ɗauki hoge zai jefa, sai ya ga guntun zanen goshin ƙofa ne. Ya tsaya da shi a hannu, bunsurun na kallonsa.