Duk Mai Ƙafa Na Yaya Drogo Ne

Daren jiya na yi mafarkin da har yanzu yake ci mini rai.

Na tsinci kaina a Ingila ta zamanin da, ɗa na biyu a gidan Hamelin, wani basarake daga zuriyar mutanen ƙasar Normandi, mai gidan dutse da ƙauyuka. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi zuwa gajimare, don haka kowa a ƙafa yake sa hula. Baba ya rasu da safe, amma ya tashi zaune a kan makara don ya ga rabon gadonsa.

Alƙalin da ya zo rabon gadon kuwa bunsuru ne. Ya tauna gemunsa, ya ce, "A ƙasar nan ba a raba gado. Ɗan fari ke kwashe duka."

Yaya Drogo, ɗan farin, ya yi hamma. Mutumin da ko sirdi bai iya ɗaurawa ba!

Ni gidan bai dame ni ba, sanyi gare shi kamar cikin randa. Goɗiyata kawai nake so, wadda uwarta ta mutu, na raine ta da madara a tafin hannuna.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, a bar mini goɗiyar dai."

"Tana da ƙafa?"

"Har huɗu."

"To, duk mai ƙafa na ɗan fari ne."

Raina ya ɓaci. Na juya ga mamacin. "Baba, kana ji fa! Ni ba kai ka haife ni ba?"

"Saboda ko-ta-kwana na haife ka," in ji shi. "Ga shi kuma Drogo bai mutu ba." Ya ja likkafaninsa ya koma ya kwanta.

Sai ga ni a barga. Na ɗaura sirdi, na sa ƙafa a likkafa zan gudu da abata. Drogo ya shigo, bunsuru na biye da shi.

"Ƙanena, ai kai ma ka ji hukuncin," ya ce. Ya sunkuya ya zare ƙafafuna kamar takalma, ya rataye su a sirdi, ya hau. Goɗiyar tana tafiya tana waiwayena, ni kuwa ina zaune cikin ciyawa ina zuba masa ashar, ba halin in bi su.

Bugun ƙofa ne ya tashe ni. Yayana na gaske ne, Tanimu, wai in ara masa babur zai je kasuwa.

Na ce ya tafi a ƙasa.