Ma'aunin Rana da Shafi na Huɗu

Suhaila ce ta koya wa ƙanwarta Tahani lissafi a ƙaramin falonsu na unguwar Misfala a Makka. Ita ta fara karanta kimiyya a jami'a, amma da Abba ya kwanta ciwo sai ta kama koyarwa a makarantar 'yan mata a Rusaifa, inda take aure. Tahani kuwa ta zarce har digiri na uku.

Bana Tahani ta yi mako biyu a wata cibiya a Jamus mai sinkorotoron, wato ƙaton zobe da ake kora elektoron a ciki har su fid da tsantsar hasken nan da ido ba ya gani amma yake ƙona fata. Ta je da na'urarta mai auna ƙarfin ranar Makka, ta daidaita ta da wannan hasken domin a yarda da lambobinta.

Ranar da ta dawo gida ya cika. Umma sai faɗi take, "Daktora ta dawo!" Suhaila tana raba shayi, tana murmushi har kumatunta suka gaji.

Bayan la'asar Tahani ta same ta a kicin da ɗan akwatin na'urar.

"Yaya, rufin imararku, benen nan naku, ya fi namu sarari. Ki ɗora min ita, ki riƙa rubuta abin da ta nuna kullum da azahar."

"Na zama mai gadinta ke nan," in ji Suhaila.

"Wallahi ba haka ba ne. Ba wanda na yarda da shi kamarki."

Kwana shida akwatin yana ƙarƙashin gado. Ran na bakwai Suhaila ta buɗe, ba don Allah ba, kuskure take nema. Ta bi takardun aikin da ke ciki layi-layi, ta kuwa samu: a shafi na huɗu ɗigo ya goce, lamba ta ninka sau goma.

Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar kanta. Ta yi tunanin ta ja bakinta, kwamitin da zai tantance aikin ya gano da kansa. Ta juya wayar a hannu kusan awa guda kafin ta kira.

"Duba shafi na huɗu."

Tahani ta duba, sai ta saki salati. "Yaya, kin rufa min asiri. Da sunanki za a buga aikin nan."

"A ƙasan naki."

"E... a ƙasa."

Suhaila ta kashe wayar. Ta ja gyalenta, ta ɗauki na'urar, ta hau rufi kafin azahar ta wuce.