Cajar da Khalilu Ya Haɗa wa Inna

Tun da aka aiko cewa Tahira ta sauka lafiya a Fatakwal, Inna Zulaihatu ba ta da wata magana sai ta jaririya. Tahira ce autarta, miji ya tafi da ita can inda yake sayar da albasa, ga Inna da ciwon gwiwa, ba ta iya zaman mota na yini guda.

A ƙauyensu na Tsamiya Biyu, arewa da Bici, sabis ba ya kamawa sai a kan tudun makarantar firamare. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babban ɗanta Khalilu ya goya ta a babur, suka ratsa ta tsakanin gonakin gero har tudun. Ya kira Tahira ta bidiyo. Fuskar Tahira ta fito, ta ce, "Inna, bari in ɗauko miki ita." Kafin ta dawo, salular ta mutu. Batirinta ya tsufa, ko an cika shi ba ya jure kiran bidiyo.

Inna ta shafa gilashin da bakin mayafinta, ta miƙa masa. Wannan ya fi faɗa yi wa Khalilu ciwo.

Ranar kasuwar Bici ya sayo caja irin wadda ake ɗaura wa babur. Ya feɗe wayar hon da reza, ya murɗa ta cajar a kai, ya tusa sauran a ƙarƙashin tanki. Ko ƙofar gida bai bari ba ya ji hon ya ɗauke, sigina ma haka. Fis ya ƙone. Ya sa wani, shi ma ya bi sahu. Wani ɗan acaba ya ce masa ai abu ne mai sauƙi, ya naɗe fis ɗin da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ba zai sake ƙonewa ba.

Yana tsugune a gindin darbejiya da takardar a hannu, sai ga Baba Shago ya dawo daga gona. Maƙwabcinsu ne, gidansa na bayan coci, kuma shekara talatin ya yi yana wayarin mota a Kano kafin rawar hannu ta dawo da shi gida.

"Sannu da aiki, ɗana. Me za ka yi da wannan?"

Khalilu ya gaya masa. Tsohon ya ajiye fartanya, ya zauna a kan turmi.

"Wa kake goyawa a babur ɗin nan?"

"Inna."

"To yar da takardar. Fis mai gadi ne. In wuta ta yi yawa, shi yake mutuwa don waya ta tsira. Ka ɗaure masa baki, wayar ce za ta yi zafi ta narke, ga ta kwance a ƙarƙashin tankin mai. Ɗaga mu gani."

Da Khalilu ya zaro wayar, sai ga inda ƙarfe ya goge mata riga, jan ƙarfenta a waje. Duk lokacin da ya karya kan babur, sai ta taɓa jiki.

Baba Shago ya aike shi Bici da saƙo: waya mai kauri kamu biyu, ɗan gidan fis da fis mai lamba uku, makunni, da baƙin salatif. Washegari da hantsi suka zauna. Tsohon ya ɗauki filaya, hannun ya hau karkarwa har ta faɗi ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannun nasa.

"Baba, ni ne hannunka yau," in ji Khalilu. "Kai dai faɗa mini."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "To fara cire baƙar wayar batir. Kullum ita ce farkon fita, ita ce ƙarshen komawa."

Ya sa shi ya naɗe raunin wayar hon, ya rabu da ita. "Hon da kayansa, caja da nata. Ba a ɗora wa jaki ɗaya kayan jaki biyu." Sabuwar wayar daga jan kan batir ta tashi, fis ɗinta kusa da batirin, tazarar bai fi tsawon yatsa ba, don ko ta goge a gaba, shi zai fara yankewa. Suka bi da ita gefen firam, nesa da zafin inji, suna ɗaurewa, suka bar mata ɗan sako-sako a wuya saboda juya kai. Ɗaya wayar cajar suka ɗaure a kan kusoshin jikin babur bayan Khalilu ya kankare tsatsa. Sau biyu tsohon yana sa shi ya kwance haɗi ya sake.

"Makunnin fa, Baba? Ai cajar ba ta da wani ci."

"Ɓera ma ba shi da wani ci, amma bar shi da buhu wata guda. In ka sauka, kashe. In ba haka ba, wata safiya za ka tarar batir ya kwanta."

Inna ta leƙo daga zaure da kwanon fura. "Shago, kai da ka ce ka bar aiki?"

"Na bari, Zulai. Zama kawai nake yi ina surutu."

Khalilu ya mayar da baƙar waya, ya taka babur, ya danna makunni. 'Yar fitilar cajar ta kawo shuɗi. Ya danna hon, ya karya kai dama da hagu, ba abin da ya ɗauke.

Ba su jira Juma'a ba. Da la'asar suka hau tudu, hadari na haɗowa daga gabas. Khalilu ya bar injin yana aiki a hankali, salula a jone, Inna na zaune a kan babur ta riƙe ta da hannu biyu. Tahira ta kawo jaririyar dab da gilashi, tana barci, ta dunƙule hannu a gefen kunci.

"Kai, kai, kai," in ji Inna a hankali. "Goshin Malam ne wannan. Khalilu, zo ka ga goshin babanku."

Ta tambayi nono, ta tambayi cibiya, ta tambayi wa ke dafa wa Tahira ruwan wanka, ta yi faɗa a kan kunun kanwa da ba a dama mata ba. Sun fi rabin awa. Sai da yayyafi ya fara sauka Khalilu ya ce su tafi.

A hanya ta dafa kafaɗarsa. "Ka biya ta gidan Shago in gaya masa na gan ta."

"Inna, ruwa fa."

"Biya dai. Ba gishiri ba ce ni."