Gabar da Ta Riƙe Wutar Tanda

A shekarar farin nan, lokacin da soja ke mulki, itace ya fi garin alkama wuyar samu a Agadas. Tandar gidan burodina kuwa idan ta huce, sai ta ci itacen amalanke guda kafin ta sake ɗaukar zafi, ni kuma ba ni da shi. In wuta ta mutu, sana'a ta mutu.

Sai ga ciwon idon nan da ake kira apolo ya shigo gari. Mutum ya tashi da ido ja, a kumbure, ko hannunsa ba ya gani sosai, balle bakin tanda.

Na tara ma'aikatana, na yi musu jawabi irin na rediyo. Na raba su ekip biyu, ta safe da ta marece. Ba gaisawa, ba shan shayi tare, kowa da butarsa. In ɗaya ta kwanta, ɗaya ta riƙe wuta.

"Patron, kai kana wace?" in ji Nomau, mai kwaɓa.

"Ni ina sama da duka biyun," na ce.

Haka kuwa na yi. Da safe in zo in duba ko ana bin doka, in ba kowa hannu, in sha shayi. Da marece in dawo, in ba kowa hannu, in sha shayi. Ban taɓa ganin shiri mai tafiya daidai irin wannan ba.

Idona ne ya fara ja. Kafin Juma'a ekip biyun duk sun bi ni, muna zaune a inuwa da tabarau baƙi kamar ƴan sandan ciki.

Mutum ɗaya ya rage: Ya'u, ƙanen matata Habsa. Tun Sallah yake gaba da ni, don na ce a gaban mutane burodinsa zai yi kyau a harsashin gini. Tun ranar bai karɓi hannuna ba, bai sha shayina ba, in na shigo sai ya zaga bayan tanda. Idonsa fari tas.

Shi kaɗai ya riƙe wutar. Burodin ya fito kaɗan, da tauri, amma ya fito. Tsofaffin unguwa suka riƙa jiƙa shi a shayi suna sa albarka.

Da ya ga ina laluben bango, sai tausayi ya kama shi. Ya taho yana goge hannu a riga.

"Yaya, abin ya isa haka. Kawo hannu."

Na dubi hannun da rabin ido, na dubi tanda, na dubi Nomau da har yanzu bai iya buɗe idonsa ba.

"Ya'u," na ce, "na jiya da ka gasa, wani magini ya zo tambayar ko akwai saura."

Ya janye hannunsa, ya koma bayan tanda yana ƙunƙuni, ya ƙara itace.