Gorar Jirgin Baba Mahaman

Ranar Talata ce, biyar ga Yulin 1994. Tun la'asar hadari ya tsaya baƙi ƙirin gabas da tafkin Madarumfa, ko ganye ba ya motsi. Ɗan Azumi masunci ya shigo layin kasuwa da sassarfa, doguwar gora a kafaɗarsa, gindinta na ɗigar da laka.

Gorar jirgin babansa ce, Baba Mahaman. Da ita ake tura jirgin, da ita kuma ake kafe shi: a soka ta cikin laka, a ɗaure igiya a jikinta. Yau Ɗan Azumi ya tuge ta, ya ɗaure jirgin a wani tushen ciyawa, saboda telen da ke shagon Elisha tela ba ta kama tashar Katsina sai an ɗaga antan sama da rufin kwano. Najeriya za ta kara da Italiya a gasar kofin duniya.

"Ga lauyan Bature ya iso," in ji Elisha, yana haɗa wayar tele da batirin mota.

Mako biyu ke nan suna wannan rigima. Elisha ya ce Baturen da ke horar da 'yan wasan Najeriya bai san komai ba, yaran ne ke da ƙafa, shi albashi kawai yake ci. Ɗan Azumi kuwa ya rantse ba a taɓa yin mai horarwa irinsa ba a duk Afirka.

"In ya fitar da Italiya yau, sai ka ɗinka mini riga da sunansa a baya," in ji Ɗan Azumi, yana ɗaure antan a kan gorar.

Audu direba, mai batirin, ya yi tsaki. "Ku dai ba ku da kunya. Ƙasar wasu, Baturen wasu. Ƙungiyar ƙasarmu Mena fa? Wa ya taɓa ɗauko mata gora daga tafki?"

Ɗan Azumi ya ce, "Jibiya nan ce bayan gari, Audu. Kakata 'yar Jibiya ce. Ka bar mu."

Aka kafa gorar a bakin taga, hoto ya fito. Mutum kusan talatin suka cushe cikin shagon, har kan keken ɗinki. Ba a yi rabin awa ba Najeriya ta jefa ƙwallo a raga. Ɗan Azumi ya haye benci yana nuna Elisha da yatsa.

"Wa ya tsara wannan? Kai ne? Da almakashinka?"

"Ƙwallo ta faɗo gaban yaro ya buga. Ina hannun Bature a ciki?"

Bayan sun idar da magariba iska ta taso. Ta fara da kwashe takardun kasuwa, sannan ta juya antan, hoton ya koma tsaki-tsaki. Shago ya kaure da ihu. Da yake gorar tasa ce, Ɗan Azumi ya fita ya rungume ta, yana juyawa a hankali har aka ce, "Nan! Tsaya nan!" Daga inda yake ba ya ganin tele, sai ƙeyar mutane. Ruwa ya sauko.

Yana nan tsaye sai ga matarsa Hafsatu, ta kifa roba a kai.

"Baban Hasana, Baba ya ce a tambaye ka, ka kafe jirgi?"

"Na ɗaure shi."

"Da me? Ga gorar a hannunka."

Ya san tafkin nan in iskar gabas ta buga shi. Cikin jirgin akwai raga biyu, ɗaya sabuwa da tsohon ya kwashe rani guda yana saƙawa. Ya sassauta hannu, gorar ta karkace.

"Riƙe! Kai, riƙe mana!" aka yi ca daga ciki.

Elisha ya leƙo ta taga. "Ku ƙyale shi ya tafi. Ya ji ubangidansa ya mai da yara baya suna tsaron gida kamar masu gadin rumbu. An kori ɗan Italiya ɗaya, su goma ne, amma har yanzu tsoronsu yake ji. Lauya ya san abin da ke tafe, gudu zai yi."

"Ni? Ni zan gudu?" Ɗan Azumi ya damƙe gorar, jijiyar wuyansa ta tashi. "Dabara ce, jahili! Mai ci ɗaya tsare abinsa yake. Wallahi ina nan sai an busa, in ga idonka."

"Baban Hasana..."

"Minti goma sha biyar ya rage, Hafsatu. Je ki, ina tafe."

Ta dube shi, ta dubi gorar, ta juya cikin ruwa.

Saura minti biyu a tashi ya ji shagon ya yi wani irin nishi, kamar an danne cikin mutum talatin lokaci guda. Italiya ta rama. Aka ce za a ƙara rabin awa.

"Wannan aikin alƙalin wasa ne!" ya ƙwala ta taga, bai ga komai ba.

"Alƙalin ne ya ce su koma baya?" in ji Elisha.

Bai saki gorar ba. In ya tafi yanzu, har ya mutu za a ce ya gudu. Ruwa na shiga masa kunne, hannuwansa sun sandare, yana zagin Italiya, yana zagin alƙali, yana zagin Elisha da keken ɗinkinsa. Aka ba Italiya fenariti, ta ci. Da aka busa tashi, Audu ya cire wayar batirinsa, shagon ya yi duhu.

"Mutum goma!" Elisha na faɗa. "Mutum goma suka kore mu! A sallami Baturen nan gobe!"

"Ji wai 'mu'," in ji Audu.

Ɗan Azumi ya fizge gorar, antan ya faɗo kan kwano, ya ruga bakin tafki. Inda ya bar jirgin babu ko tushen ciyawar.

Da safe shi da babansa suka sami jirgin can yamma, ya bugi kututturen itace, cikinsa ya tsage daga baki zuwa tsakiya. Baba Mahaman ya shiga ruwa har gwiwa, ya daɗe yana shafa tsagin da tafin hannu.

"Wa ya ci?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Italiya, Baba."

"To ka dai gani da idonka ko?"



Tsohon ya karɓi gorar daga hannun ɗansa, ya dogara ta ya hau tudu. Asarar ke nan: jirgi ɗaya, raga biyu, filafili ɗaya, da kwandon tarwaɗar da aka yi niyyar kai wa kasuwar Maraɗi. Antan ɗin Elisha kuma ya karye gida biyu.