Tumbin Usta Mitwalli da Bakin Tanki

A wurin da muke gyaran jiragen sojan ruwa, can bakin tashar Iskandariya, kowa ya san Usta Mitwalli ba ya shiga tanki. Ba wai ƙi yake yi ba. Tumbinsa ne ba ya wucewa. Tankunan a ƙasan jirgi suke, ƙofarsu kuwa 'yar kafa ce mai siffar ƙwai, sai mutum ya ɗaga hannuwa sama ya zurara kamar kifi. Shi Usta, wanda shi ne babban mai waldarmu, in ya zo bakin kafar sai ya shafa ciki ya ce, "Ni dai na so, Allah ne bai nufa ba." Sai mu sirara mu shige, ni da abokina Shahat, mu yi ta walda muna gasuwa, saura suna sama suna jiran mu fito.

Ana haka aka kawo mana Injiniya Nirmin, wadda aikinta duba yadda ake raba ma'aikata. Ba ta da hayaniya. Ta daɗe tana zagayawa tana kallo kawai, sannan wata safiya ta tara mu. Ta ce mutum biyu suna narkewa a ƙasa, saura suna shan iskar teku, jirgi kuwa yana kwance. Daga yanzu shiga tanki layi ne, biyu-biyu, kowa da ranarsa. Wanda ba zai iya ba, za a mayar da shi sito ya riƙa miƙa kayan aiki.

Gaskiya ta faɗa, har raina na ji daɗi. Amma da na waiga na ga fuskar Usta, daɗin ya ragu. Mutumin nan tun yana saurayi yake cikinmu. A sito wa zai yi wa faɗa?

"Injiniya, 'yata," in ji shi, "dubi halittar nan da kyau."

"Na duba, Usta. Ina ce kafin ƙarshen wata mai zuwa za ta iya raguwa."

Daga ranar muka ɗauki aikin ceto shi, ko yana so ko ba ya so. Da safe muna shimfiɗa jarida a kan farantin ƙarfe, mu zuba dafaffen wake da man zaitun, kowa ya yago gurasa. Usta na miƙa hannu Shahat zai janye kwanon.

"Kai ɗan banza, ni na koya maka riƙe wuta!"

"Shi ya sa nake ƙaunarka, Baba. Ga kokwamba."

Mai shayi ma ya shiga ciki, ya daina sa masa sukari. Har matarsa aka aika wa saƙo, ta ce ai ta daɗe tana neman masu taya ta. Wata rana na kama shi a bayan injin ɗaga kaya yana tura soyayyen ƙosai a baki, sauri-sauri kamar mai shan magani. Na yi mamaki, don ko alamar jin daɗi babu a fuskarsa. Ya ba ni ɗaya ya ce in yi shiru. Na ci, na kuma faɗa wa Shahat.

A hankali wando ya fara zamewa, sai da ya huda sabon rami a bel. Muna murna, shi kuwa kullum ƙara shiru yake yi.

Ranar layinsa da ni aka haɗa shi. Duk aka taru a bakin kafar, har masu fenti sun bar aikinsu. Wani ya kawo man giris wai ko za a buƙata. Na fara shiga, na jawo fitila da tiyon iska, na ɗaga kai ina jira. Ƙafafu suka sauko, sai ciki, sulluɓ, ko gogar gefe bai yi ba. Sama ta kaure da tafi.

A ƙasa kuwa Usta ya durƙusa ya kama hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau, ga gumi. Yana kallon rufin ƙarfen da ya kusa taɓa kansa, numfashinsa na fita guntu-guntu.

"Ragab," ya ce ƙasa-ƙasa, "shekara da shekaru ina kiwon tumbin nan, kun taru kun kashe mini shi. Bangon nan matsowa yake."

Sai a lokacin na gane: matsatsin wuri yake tsoro, tumbin ne ke kare shi daga shiga. Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini har maƙogwaro. Na dai ɗauko garkuwar fuskarsa ta walda na ɗora masa a ka.

"Sauke ta, Usta. In ka sauke ba ka ganin bango, ba ka ganin rufi. Wuta kawai."

Ya sauke. Na dafa bayansa na bar hannuna a nan. Can ya kunna, da farko layin waldar ya ɗan karkace, daga baya ya miƙe sumul yadda ya saba. Har ya fara yi mini faɗa wai na tare masa gwiwar hannu. Da na ji faɗan nan hankalina ya kwanta.

Da muka fito Injiniya na tsaye, ta miƙa masa ruwa.

"Yaya ciki, Usta?"

"Ɗaki ne mai kyau, sai dai ba taga," in ji shi, ruwan na zuba a gemunsa.

Ta dube shi, ta dube ni.

"To, kana nan tare da mutanenka. Ranar Alhamis tankin gaba. Ya fi wannan matsi kaɗan."

Usta ya goge gemunsa.

"Da wa?"

"Da wa kake so?"

Ya nuna ni da haɓa. "Wannan malalacin. Ba don komai ba, har yanzu bai iya riƙe fitila ba, dole wani ya koya masa."