Sawun Zabo Mai Yatsa Biyu

A shekarun da ake ta jita-jitar jirgin ƙasa zai iso Gusau, duk manomin da ya san ciwon kansa garmar Yari maƙerin Bunguɗu yake nema. Shaidarta sawun zabo ne a gindin ruwan garmar. Ƙarfen buga shaidar gadon ubansa ne, ya tsufa har yatsa ɗaya ya ɓalle. Wannan giɓi yana ba Yari kunya, kullum yana cewa zai ƙera sabo, kullum aiki yana sha masa kai.

Ran kasuwar Gusau, ana dab da shuka, wani manomin Magami mai suna Sule ya zo ya jefar da karyayyiyar garma a gabansa.

“Ga aikinka nan, Malam Yari! Kunya guda ban gama ba ta ɓare. Haka ubanka ya bar maka?”

Mutane suka taru. Masu ciniki biyu suka ajiye garmunan da suka ɗauka, suka sulale. Ran Yari ya ɓaci ƙwarai, don maƙeri ba shi da gonar da ta wuce sunansa. Ya juya garmar, ya ga sawun zabo, sai ya kwashe da dariya har aka zaci ya zautu.

Sule ya ce a Tsafe ya saya, wurin wani Jatau. Yari bai tsaya cacar baki ba, ya kai ƙara gun alƙali, aka aika, ran kasuwa ta gaba aka zo da Jatau da kayansa.

Jatau mutum ne mai baki. Ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ai zabo na Allah na. Wa ya hana ni zana ƙahwatai?”

Alƙali ya ce, “Zabo na Allah na, gaskiya. Amma Sule ba zabo ya biɗa ba, hannun Yari ya biɗa. Kai ka ce mishi ta Yari ta?”

Jatau ya rantse daga Bunguɗu ya saro su. Sai Yari ya ajiye tsohon ƙarfen ubansa kusa da garmunan. Zabon Yari yatsa biyu, na Jatau uku cif. Ashe da Jatau zai kwaikwayi shaidar, bawan Allah ya gan ta da giɓi, ya zaci kuskure ne, ya zauna ya gyara ta tsaf! Har muhuti, magatakardan alƙali, sai da ya rufe baki da hannun riga.

Hukunci bai yi tsawo ba. Alƙali ya ce Jatau ya ba Sule garma ta ƙwarai. Ya zauna tsakiyar kasuwa ya goge sawun zabo daga kowace garma da hannunsa, sanƙira na shela. In ya sake, bulala ce, kuma ya bar cin kasuwannin ƙasar.

Haka aka yi. Jatau na ta dirza yana zufa, yara na yi masa kukan zabo, sanƙira na ƙwala murya: “Ku ƙirga yatsu, jama’a! Na Yari biyu na!” Kafin la’asar ba garmar da ta rage gaban Yari. Sule ne ya fara saye, yana sunkuyar da kai.

Da ya koma Bunguɗu, matarsa Luba ta tambaye shi yaushe zai ƙera sabon ƙarfen da yake ta faɗa.

Yari ya shafa giɓin da babban yatsa, ya ce, “Bar shi, Luba. Yau Baba ya yi mini shaida gaban alƙali.”